Bayani: 'Yar tsana da suturarta, daga kimonon Japan zuwa ƙyallen telolin Jega

A makonnin da ke gabanin Sallah, lokacin da kekunan ɗinki ke kwana suna aiki a Jega da Aliero da Maiyama, ƙyallayen shadda da atamfa da leshi kan taru a ƙarƙashin teburin kowane tela. Wasu a share a zubar, wasu a cusa su cikin matashin kai, wasu kuwa yara mata ne ke zuwa roƙo domin su yi wa 'yar tsanarsu zane da kallabi. A ƙasar Japan, wannan aiki na suturta 'yar tsana ya daɗe da zama sana'a mai ƙa'idoji, da gwanayen da hukuma ta san da zamansu, da masu saye a ƙasashe da dama waɗanda ke tara 'yan tsana kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi.

Kwatanta wuraren biyu yana da amfani, domin kimono da babbar riga kusan hanya ɗaya ake bi wajen yanka su, kuma kowace al'umma daga cikin biyun tana da tsohuwar al'adar wasan 'yar tsana. Inda suka rabu shi ne abin da ya sami masaƙa da marina da maɗinka a kowane ɓangare, da kuma wanda a yau ke yanke shawarar irin suturar da yarinya za ta gani a jikin abin wasanta.

Yadda ake yanka kimono

Ma'anar kalmar kimono a harshen Japananci ita ce abin sawa. Doguwar riga ce mai buɗaɗɗen gaba, wadda ake naɗewa a jiki a ɗaure ta da faffaɗar ɗamara mai suna obi. Ana ɗinka ta daga ƙundin yadi guda da ake kira tanmono, mai faɗin kimanin santimita 36 zuwa 40 da tsawon kusan mita 12. Maɗinki kan raba wannan yadi gida takwas: biyu na jiki, biyu na hannuwa, biyu na shafin gaba da ke hawa kan juna, sai biyu na wuya. Kusan duk yankan a miƙe yake, ba a bin lanƙwasar jiki, kuma ba a zubar da komai. Idan rigar ta yi wa mai ita yawa, sai a naɗe rarar a cikin ɗinki. Saboda haka a da, idan za a yi wa kimono babban wanki, warware shi ake yi gaba ɗaya, a wanke yadin, a shanya shi a miƙe, sannan a sake ɗinkawa.

Sanya shi ma yana da dokoki. Gefen hagu na mai rigar shi ke hawa kan na dama, al'adar da ake dangantawa da wani umarnin fada na shekarar 719. Gawa kaɗai ake yi wa akasin haka, shi ya sa kuskure a nan yake da nauyi a idon Bajapane. Tsawon hannu yana nuna matsayin mace: budurwa ke sa furisode mai hannuwa da ke zubowa har kusa da idon sawu, matar aure kuwa ta sa tomesode mai gajeren hannu. Yukata rigar auduga ce marar shafi ta lokacin zafi. Tambarin dangi da ake sa wa rigar, ɗaya ko uku ko biyar, shi ke nuna girman taron da aka yi ta dominsa. Ɗamarar mata ta manyan bukukuwa kan wuce mita huɗu, kuma ƙullinta na baya yana da salo iri-iri.

Mayar da shi ƙarami

Mafi yawan 'yan tsanan kwalliya da ake tarawa, irin su Barbie mai tsawon kimanin santimita 29, an yi su ne a kan ma'aunin ɗaya bisa shida na jikin mutum. A lissafi, yadi mai faɗin santimita 36 zai koma santimita 6, mita 12 kuma ta koma mita 2. Matsalar ita ce kaurin yadi ba ya bin wannan lissafi. Alharinin da ke kwanciya lumui a jikin mutum, idan aka ninka shi a wuyan 'yar tsana sai ya tashi ya yi tauri. Don haka masu wannan aiki kan nemi yadi mafi laushi da rashin kauri, sau da yawa daga tsofaffin kimono da shafinsu, su kuma zaɓi mai ƙananan zane, domin furen da ya kai tafin hannu zai rufe bayan 'yar tsana baki ɗaya.

Akwai kuma batun siffar jiki. Kimono yana son jiki ya miƙe tun daga ƙirji har ƙugu, alhali an ƙera Barbie da matsattsen ƙugu. Sai an naɗa mata auduga ko ƙyalle a tsakiya kafin ɗamara ta zauna daidai, kamar yadda matan Japan kan yi da tawul a jikinsu. Ɗamarar kanta da wuya a ƙulla ta da gaske a wannan ƙanƙanta, shi ya sa akan ɗinka ƙullin daban a maƙala shi da maɓalli ko ƙugiya. Kalmasa da ɗinkin wuya da hannu ake yinsu, domin sawun keke kan fito ƙato a kan rigar da ba ta wuce tsawon taƙi ba. Duk da waɗannan dabaru, masu tarawa kan duba ko an kiyaye ƙa'idojin asali: hagu a kan dama, ninkin da mata ke yi a ƙugu a ƙarƙashin ɗamara, farin wuyan rigar ciki da ke leƙowa, da dacewar zanen yadi da yanayin shekara.

Gurbin 'yar tsana a Japan

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara Japanawa ke bikin Hinamatsuri, ranar yara mata. Iyalai kan jera 'yan tsana a kan matakala mai jan shimfiɗa. Cikakken jeri yana da hawa bakwai da 'yan tsana 15, sarki da sarauniya a sama, sai kuyangi da makaɗa da fadawa a ƙasa, dukansu cikin suturar fadar zamanin Heian, wato daga 794 zuwa 1185. Akan gaji irin wannan jeri daga uwa zuwa 'ya, kuma garuruwa irin su Kyoto da Iwatsuki sun yi suna a kan ƙera su. Akwai kuma nau'in ichimatsu, wanda ake iya cire wa kaya a sauya, kuma yara mata sun riƙa koyon ɗinki a kansa.

Wannan nau'i ya taɓa shiga harkar diflomasiyya. Bayan dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 ta rufe ƙofa ga Japanawa, wani malamin mishan Ba'amurke, Sidney Gulick, ya jagoranci aika 'yan tsana fiye da 12,000 zuwa makarantun Japan a 1927. Japan ta mayar da biki da guda 58, kowace da tsawon kimanin santimita 80 cikin kimonon alharini, a ƙarƙashin jagorancin attajiri Shibusawa Eiichi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka lalata mafi yawan waɗanda suka zo daga Amurka a matsayin kayan abokan gaba, sai kimanin 300 suka tsira.

Ita ma Barbie, da kamfanin Mattel ya fito da ita a New York ranar 9 ga Maris 1959, a Japan aka fara ƙera ta, kuma matan Japan ne suka riƙa ɗinka tufafinta da hannu a gidajensu. A 1967 kamfanin Takara ya fito da tasa, Licca-chan, mai ƙaramin jiki da fuskar da ta fi kama da abin da yaran ƙasar ke so, ta kuma mamaye kasuwar cikin gida.

Hukuma tana da hannu a wannan ɗorewa. Dokar kare kayan al'adu ta 1950 ita ta buɗe hanyar karrama gwanayen sana'a a matsayin taskar ƙasa mai rai, kuma cikin rukunin farko na 1955 akwai maƙerin 'yar tsana, Hirata Goyo, wanda ke cikin waɗanda suka yi aikin kyautar 1927. Wata doka ta 1974 ta tanadi rajista da tallafi ga sana'o'in gargajiya, kuma a yau fiye da 200 ke cikin jerin, har da saƙar Nishijin da 'yan tsanan Kyoto da na Hakata. Wannan bai hana cinikin kimono raguwa ƙwarai ba tun daga farkon shekarun 1980, amma ya sa sunan yana da masu tsaronsa. A 2019, da Kim Kardashian ta sa wa kamfaninta na kayan ciki suna Kimono, magajin garin Kyoto, Daisaku Kadokawa, ya rubuta mata wasiƙa, jama'a suka yi ca, ta sauya sunan zuwa Skims.

Babbar riga da kasuwar Jega

Wanda ya san yadda ake haɗa babbar riga ta saƙi ba zai ga baƙon abu a yankan kimono ba. Masaƙan ƙasar Hausa maza siraran sawaye suke saƙawa, wani bai wuce faɗin yatsu biyu ba, sannan a jera su a haɗa gefe da gefe har su zama riga. A nan ma yanka a miƙe yake, asara kaɗan ce, kuma rigar ba ta bin siffar jiki. Kamar yadda tambarin dangi ke nuna darajar kimono, haka aikin wuya da aljihu, aska biyu ko aska takwas, ke nuna darajar riga. Saƙi mai launin zabo, da tsamiya da ake samu daga zaren tsutsar daji, da barage mai jan alharinin da fatake ke ƙetarowa da shi Sahara, kowanne yana da mutanen da ke sa shi da ranar da ake sa shi. Hatta rini ya yi kama: Japanawa na da tsohuwar sana'ar rinin shuni da ta ɗaure yadi kafin a tsoma, kamar yadda ake yi da baba a karofin Ƙofar Mata a Kano.

Wannan sana'a ta taɓa riƙe tattalin arzikin Daular Usmaniyya. Heinrich Barth, Bajamushen da ya isa Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a can ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A yammacin daular, ƙarƙashin Gwandu, Jega na cikin manyan kasuwanni. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa garin bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, tare da jama'ar da ake kira Gimbanawa, kuma zamansa a mahaɗar hanyoyin fatake ya sa ya zama wurin da tufafi da goro da gishiri da dabbobi ke sauya hannu. Har yau Jega mahaɗa ce: hanyar Sakkwato ta biyo ta Aliero, garin albasa da jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi, hanyar kudu kuma ta bi ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri.

Abin da ya sauya shi ne asalin yadin da ke bin waɗannan hanyoyi. Yadin Turai ya fara danne saƙar hannu a zamanin mulkin mallaka. Daga baya masana'antun Kaduna suka karɓa: Kaduna Textiles a 1957, sai United Nigerian Textiles da Arewa Textiles a shekarun 1960. Ita Arewa Textiles da jarin gamayyar kamfanonin kaɗin zare na Japan aka kafa ta, wato ƙwarewar Japan a harkar yadi ta taɓa zama a gefen kogin Kaduna. A shekaru goman farko na wannan ƙarni manyan masana'antun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, sakamakon rashin wutar lantarki da tsadar man injuna da fasa-ƙwauri da kwararowar yadi mai araha daga Sin. Mafi yawan ƙyallen da yarinya ke tsinta a shagon tela a yau daga yadin waje ya fito.

'Yar tsanar gida

Tun kafin zuwan ta roba, yaran Hausawa suna da tasu. Akan yi ta da karan dawa, ko ƙashin ƙafar dabba, ko yumɓu, ko tsumma da aka naɗe. A yi mata kitso da zare, a ɗaura mata zane da kallabi, a rataya mata tsakiya. Yarinya ta goya ta da majanyi, ta yi mata tuwon ƙasa, ta jera mata kayan ɗaki na gwangwani da murafan kwalba. Ƙawaye kan haɗu su yi bikin 'yar tsana, da kai amarya da guɗa, wani lokaci har da suna. Ta wannan wasa ake fara koyon ɗaurin zane da goyo da riƙon allura, kuma abin da yarinya ke kwaikwayo shi ne suturar uwarta da yayyenta.

'Yar tsanar roba da ake sayarwa a kasuwanni da shagunan kayan yara da suturarta take zuwa. Ƙasar Sin ce ke ƙera mafi yawan kayan wasan yara na duniya, musamman a lardin Guangdong, kuma ana fitar da kaso mai yawa ta babbar kasuwar Yiwu. Fuska da gashi da launin fata da gajeren siket ɗin da ke jikinta, duk an tsara su ne ba tare da tunanin Jega ko Maiyama ba.

Waɗanda suka gwada a Najeriya

A 2007 wani ɗan kasuwa a Legas, Taofick Okoya, ya fara fitar da 'yan tsana baƙaƙe masu suna Queens of Africa, bayan ya nemi irinsu a kasuwa domin kyauta ya rasa. Ya yi su uku bisa manyan ƙabilun ƙasar: Nneka ta Ibo, Wuraola ta Yarbawa, da Azeezah ta Hausawa. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito a Janairun 2014 cewa yana sayar da tsakanin 6,000 zuwa 9,000 a wata. Rahoton ya kuma nuna cewa jikin 'yan tsanan a Sin ake ƙera shi, a Legas ake yi musu ɗinki da kwalliya. Ke nan kason aikin da ya zauna a gida shi ne na allura da zare.

A ƙarshen 2015 Haneefah Adam, 'yar Ilorin da ta yi karatun harhaɗa magunguna a Ingila, ta buɗe shafin Hijarbie a Instagram, inda take ɗinka wa Barbie hijabi da abaya da dogayen riguna da hannunta, tana ɗaukar hoto. Cikin 'yan watanni manyan kafafen labarai na duniya suka ɗauki labarin. Sai a Nuwamban 2017 kamfanin Mattel ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, wadda aka yi da siffar 'yar wasan takobi ta Amurka, Ibtihaj Muhammad. Ƙasashen Musulmi sun riga sun bi wannan hanya: Iran ta fito da Sara da Dara a 2002, wani kamfani a Siriya kuma ya fito da Fulla a 2003, shekarar da hukumar Hisba ta Saudiyya ta yi tir da Barbie.

Addini da doka

A arewacin Najeriya ba a raba zancen siffar mutum da hukuncin addini. Hanin yin gumaka da surar abu mai rai sananne ne. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), kuma a kan haka malamai da dama, ciki har da Alƙali Iyad na mazhabar Malikiyya, suka keɓe abin wasan yara mata daga hanin, bisa dalilin cewa yana koya musu reno da kula da gida. Malamai na wannan zamani sun saɓa a kan ta roba mai cikakkiyar fuska, da kuma babban mutum da ke ajiye ta domin ado, wanda shi ne ainihin abin da masu tarawa ke yi.

Batun ya fito fili a tsakiyar 2021, lokacin da hukumar Hisba ta jihar Kano, ƙarƙashin kwamandanta na lokacin, Harun Ibn Sina, ta hana teloli da masu shaguna tallata kaya a jikin mutum-mutumi, sai dai marar kai. Magoya bayan matakin sun ce kariya ce daga abin da ya yi kama da gunki. Masu suka, ciki har da lauyoyi da 'yan kasuwa, sun tambayi wace doka ce ta ba hukumar wannan iko, da yadda zai shafi waɗanda ba Musulmi ba. Umarnin na Kano ne kuma a kan mutum-mutumin talla ya tsaya, amma Kebbi na cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a farkon shekarun 2000, don haka duk mai son shiga wannan sana'a a yankin sai ya yi la'akari da ra'ayin malaman garinsa. A wasu ƙasashe masu ƙira sun samar da mafita ta hanyar yin 'yar tsanar ƙyalle marar fuska, wadda ta fi kusa da ta kara da ta tsumma da aka sani a gida.

Inda manufar gwamnati ta shigo

Matakan da gwamnatin tarayya ta ɗauka a kan yadi sun fi karkata ga kan iyaka da canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sa yadi cikin kayan da ya hana wa dala a farashin hukuma a 2015, ya ƙara tsaurara matakin a 2019, sannan ya ɗage hanin a Oktoban 2023. Irin waɗannan matakai manyan masana'antu suke nufi. Tsarin Japan na 1974 kuwa kan gwani ɗaya ɗaya da garinsa yake sauka: a rubuta yadda ake aikin, a tantance wanda ya iya, a ba kayansa tambarin shaida, a tallafa masa ya koyar da magaji.

A nan ne ƙaramar riga ke da amfanin da ya wuce wasa. Babbar riga mai faɗin mita 2.4 za ta koma santimita 40 a ma'aunin ɗaya bisa shida, wato ƙyalle ɗaya ya isa a nuna yadda ake haɗa ta, inda shafi ke zama, da yadda ake zana aska takwas. Almajirin tela zai iya koyon tsarin ba tare da ɓata shadda mai tsada ba, gidan tarihi irin na Kanta da ke Argungu zai iya jera suturar Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Dakarkari a cikin akwatin gilashi guda, mace kuma za ta iya yin aikin daga cikin gidanta, kamar yadda matan Japan suka yi wa Barbie a 1959 kuma kamar yadda matan arewa ke yi a ɗinkin hula. Kayan aikin su ne allura da zare da almakashi da ƙyallen da ake sharewa bayan kowace Sallah a Jega da Aliero da Maiyama.